Hannayen gem shida a kan benci ɗaya: bitar wani shagon gyara a Computer Village

Ina da ƙaramin gidan gem a Agege, ba nisa da Zango, kuma shekara da shekaru abin da samari suke biya su buga a wurina bai wuce ƙwallo a kan PS4 ba. Abin da ya sa na ɗauki jaka cike da hannayen gem na nufi Computer Village, babbar kasuwar kayan waya da kwamfuta da ke Ikeja a Legas, ya samo asali ne daga wata tsohuwar kwamfutar tebur da na saya domin in ƙara kujeru biyu ga masu son wasan tsere da na faɗa. Ɗan yayata, wanda yake karatun kwamfuta a Yaba, ya duba ta ya ce Windows 10 ce a kanta, wadda kamfanin Microsoft ya daina kula da ita tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, sannan kwamfutar ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0 da Windows 11 take buƙata. Ya goge komai ya sa Ubuntu 24.04, wani nau'in tsarin Linux, ya ɗora Steam, manhajar saye da buga wasannin kwamfuta, a kai, wasannin kuwa suka tashi lafiya lau. Sai da muka zo kan hannaye ne aiki ya tsaya cak.

Hannayen guda shida ne, kuma in ban da ɗaya duk tokumbo na saye su a lokuta daban-daban. Akwai na Xbox guda biyu, tsohon samfuri da sabon samfuri, akwai DualSense na PS5 wanda wani abokina ya sayar mini bayan ya rabu da na'urarsa, akwai 8BitDo Pro 2 da na saya sabo fil, sai kuma DualShock 4 guda biyu da suka gaji da hidimar PS4 na ajiye su gefe. Sabon na Xbox idan aka nemi haɗa shi da kwamfutar ta Bluetooth, sai fitilarsa ta yi ta ƙiftawa ya ƙi haɗuwa. A kan 8BitDo kuwa, idan wasa ya ce a danna A, sai yaro ya danna A ya ga an mayar da shi baya. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, kafin mu zargi kwamfutar, ya kamata a sabunta manhajar da ke cikin hannayen, domin wasunsu sun yi shekaru a kwali ba wanda ya taɓa su." Sai dai kuma shi kansa ba shi da hanyar yin hakan, saboda a gidanmu kaf babu Windows, babu PS5, babu Xbox.

Wannan shi ne ginshiƙin maganar, kuma na ga masu gidajen gem da yawa ba su san shi ba. Hannun gem na zamani ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta, tana da manhajar ciki, wadda masu gyara suke kira famwaya, kuma ita ce take sarrafa yadda hannun yake magana ta Bluetooth, da yadda yake karanta motsin sanda, da yadda yake shan batir. Hannu ɗaya yana iya aiki a kan Windows da Mac da Linux da Android da iPhone, amma ƙofar da ake bi a sabunta shi ƙunci gare ta. Na Xbox ana sabunta shi ne a jikin na'urar Xbox, ko da manhajar Xbox Accessories a kan Windows 10 ko 11. DualSense sai a jikin PS5, ko da manhajar da Sony ya fitar wa Windows a 2022, wadda a 2024 aka faɗaɗa ta aka sa mata suna PlayStation Accessories. Hannun Nintendo Switch Pro a cikin saitin Switch ake sabunta shi. Kamfanin 8BitDo ne ya ɗan sassauta, domin manhajarsa tana nan ga Windows da kuma Mac. Saboda haka mai Mac ko mai Linux yana iya shekara yana wasa da hannun da ba zai taɓa iya sabunta shi a kan na'urarsa ba.

Wani mai sayar da caja a bakin masallacinmu ne ya kwatanta mini shagon. Na shiga jirgin ƙasan Red Line na safe daga Agege, tasha ɗaya kacal zuwa Ikeja, na ƙarasa da ƙafa. Wanda ya san Computer Village ya san cewa daga ƙarƙashin gada zuwa titin Otigba sai mutum ya sha kira daga 'yan kamasho, kowa yana rantsuwa cewa abin da kake nema a shagon ogansa yake. Shagon da nake magana a kai yana hawa na biyu a wata filaza, kuma kiransa shago ma karamci ne, domin benci ne guda da kujerar roba biyu a lungun da aka raba da katako. Mai shi matashi ne Bakano da ya ce a kasuwar waya ta Farm Centre ya fara koyon gyara kafin ya gangaro Legas. A kan bencin akwai tsohuwar laftof mai Windows 11, da ƙarfen liƙa dalma, da mita, da wata robar man shanu cike da sandunan hannu da aka cire, a jikin bango kuma ya rataye igiyoyi kamar guda goma, kowace ya ɗaura mata ɗan ƙyalle.

Ƙyallayen nan su ne abu na farko da ya sa na natsu da shi. Da na miƙa masa igiyoyin da na zo da su, sai ya ce, "Alhaji, bari mu fara da waɗannan kafin mu taɓa hannu ko ɗaya." Ya soka su ɗaya bayan ɗaya tsakanin laftof ɗin da wayarsa, kuma cikin igiyoyi huɗu biyu ne kawai suka sa kwamfutar ta ga wayar. Sauran biyun na caji ne zalla, wato wayoyin wuta kaɗai ke cikinsu, babu na ɗaukar bayanai, ga shi kuma a ido ba su da wani bambanci. Ya ce yawancin waɗanda suke zuwa masa da kukan cewa kwamfuta ta ƙi ganin hannu, igiya ce matsalarsu. Nasa masu jan ƙyalle su ne waɗanda ya tabbatar suna ɗaukar bayanai, kuma ba ya yarda ya sabunta hannu da igiyar da bai gwada ba. Haka nan ba ya yi a kan kwamfutar tebur, sai laftof mai cikakken caji, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta sabuwar manhaja, hannun yana iya mutuwa a tsaye. Ina zaune kuwa aka ɗauke wutar, filazar ta yi duhu na ɗan lokaci kafin injinan janareta su fara ruri, amma layin da ke tafiya a fuskar laftof ɗin bai ko girgiza ba.

Ya fara da na Xbox, kuma kafin ya soka komai sai ya buɗe murfin batir ya karanta lambar samfurin da ke jikin sitika. Tsohon 1708 ne, sabon kuma 1914. Ya bayyana mini cewa hannayen Xbox One na farko, 1537 na 2013 da 1697 na 2015, ba su da Bluetooth sam, don haka a kan kwamfuta sai da igiya ko da 'yar na'urar Microsoft mai kama da filash. Bluetooth ya shigo ne da 1708 a 2016, tare da Xbox One S, kuma ana gane shi ko ba a buɗe murfi ba, domin robar da ta kewaye maɓallin Xbox haɗe take da fuskar hannun, alhali a tsofaffin haɗe take da ɓangaren sama inda maɓallan kafaɗa suke. Shi kuwa 1914 ya zo da Xbox Series a 2020, da ramin USB-C da maɓallin tura hoto a tsakiya. Wannan ilimi ne da zai hana mutum asara a kasuwar tokumbo, inda ake zube su duka a tire ɗaya a sa musu kuɗi ɗaya.

Sabuntawar kanta ba ta da wani armashi, kuma haka ya kamata ta kasance. Ya soka hannun, manhajar Xbox Accessories ta nuna lambar famwayar da ke ciki ta kuma ce akwai sabuwa, ya danna, ya ɗora hannun a kan benci ya ce kada in taɓa shi. Cikin 'yan mintuna aka gama. Abin da ya ƙara a kai shi ne wanda ya cancanci kuɗi: ya cire igiyar, ya haɗa hannun ta Bluetooth, ya buɗe wani shafin gwaji a burauza wanda yake nuna kowane maɓalli da aka danna da kuma ɗigon da ke bin motsin sanda, ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya bar hannun a haɗe kusan minti goma yana wani aikin domin ya ga ko zai katse. Bai katse ba. Ya kuma gargaɗe ni cewa hannun Xbox na'urar Bluetooth ɗaya kaɗai yake tunawa, tare da na'urar Xbox ɗaya, ana sauyawa tsakaninsu da danna maɓallin haɗi sau biyu. Ma'ana, duk ranar da wani yaro ya haɗa shi da wayarsa a ɓoye don ya gwada, to kwamfutar shago ta fita daga ransa, sai an sake haɗawa daga farko. Da ya faɗi haka sai na tuna sau nawa na yi wa kwamfutar faɗa a kan laifin da ba nata ba.

DualSense ya fi kowanne cin riba. An bi hanya iri ɗaya, igiya da manhajar PlayStation Accessories, amma sabuwar famwayar ta zo da abin da Sony ya ƙara a 2025, wato hannu ɗaya ya riƙe na'urori har huɗu, kowace a ɗaure da ɗaya daga cikin maɓallan nan huɗu, alwatika da da'ira da gicciye da murabba'i. Ana riƙe maɓallin PS tare da wanda aka zaɓa na 'yan daƙiƙu, sai hannun ya koma wurin na'urar da aka ajiye a nan. Ya sa wayata a kan da'ira, ya bar mini alwatika domin kwamfutar shago. Bai ɓoye mini iyakar abin ba, domin ya ce maɓallan baya masu taurin nan da ke sauyawa da kuma girgizar nan mai laushi, waɗanda su ne abin alfaharin DualSense, a kan kwamfuta galibi sai da igiya suke aiki, kuma sai a wasannin da aka rubuta domin su. Ta Bluetooth hannu ne mai kyau, amma kamar kowane hannu.

A kan 8BitDo ne na ji kunya. Ya juya bayansa ya nuna mini wani ɗan makunni mai haruffa huɗu, S da A da D da X, wanda na sha gani ban taɓa tambayar amfaninsa ba, kuma nawa yana kan S tun ranar da na fitar da shi daga kwali. S na Switch ne, A na kayan Apple, D na Android, X kuma na Windows. A matsayin S hannun yana gabatar da kansa a matsayin na Nintendo, su kuwa Nintendo A ɗinsu yana dama B yana ƙasa, saɓanin Xbox da A yake ƙasa B yake dama, to daga nan ruɗanin ya taso. Ya ce harafin X yana nufin XInput, yaren da Microsoft ya kawo da Xbox 360 a 2005, wanda mafi yawan wasannin kwamfuta suke ji, D kuma DirectInput ne, yaren da ya girme shi. Wannan ne ma dalilin da ya sa hannun PlayStation yake iya haɗuwa da Windows lafiya amma wasa ya yi kamar bai gan shi ba, har sai an sa masa tafinta, ko dai Steam Input da ke cikin Steam, ko manhajar DS4Windows wadda take sa wa hannun rigar Xbox 360. Ya sabunta shi duk da haka, ya mayar da makunnin kan X, ya kuma tuna mini cewa wannan hannun ba ya aiki a jikin PS4 ko PS5 ko Xbox, kada in sa rai. Ya ce in lura haruffan da ke rubuce a jikinsa tsarin Nintendo ne, don haka yaran su bi matsayin maɓalli, su bar kallon harafi. Da wani mai gyaran ne, da sai ya karɓi hannun ya ce in dawo jibi, ya murɗa makunnin bayan na tafi, ya caje ni kuɗin canjin bodi, wato allon lantarkin da ke cikinsa.

DualShock 4 ɗin nan biyu ba su samu komai ba, kuma yadda ya ƙi su ya ƙara masa daraja a idona. Ya ce Sony bai fitar da wata manhajar sabunta DualShock 4 a kwamfuta ba, don haka duk wanda ya karɓi kuɗina da sunan zai yi masa afdet, sadaka na ba shi. Na farkon matsalarsa ita ce ɗan wasa yana tafiya hagu shi kaɗai ko ba a taɓa sanda ba. A shafin gwajin na ga ɗigon da idona, ya ƙi zama a tsakiya, yana rawa a gefe kamar ƙuda a bakin kofi. Ya ce a ƙarƙashin kowace sanda akwai wasu 'yan ma'aunai biyu da ƙarfe yake gogar layin gawayi a cikinsu, kuma yau da gobe layin yana cinyewa, ƙura da gumi su ƙarasa shi. Babu famwayar da take mayar da abin da ya goge. Maganinsa a cire sandar a liƙa sabuwa, ko ta asali ko irin mai maganaɗisu da ba ta gogayya, kuma ya faɗa mini kuɗin kowace ba tare da ya matsa mini ba.

Na biyun kuwa ya ɗaga shi a tafin hannu, ya ɗauki na farkon a ɗaya hannun, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, wannan ba ɗan gidan ba ne." Sitikar bayansa tana ɗauke da CUH-ZCT2, lambar samfurin 2016, wanda ake gane shi da siririn haske da ke fitowa ta saman faifan taɓawa. Amma da ya kwance sukurori huɗun ya buɗe, sai ga batir ƙarami da bai cika gurbinsa ba, ga bodi da ba ta yi kama da ta ɗan'uwansa ba ko kaɗan. Jabu ne, kuma wanda ya sayar mini da shi a wata kasuwa ya rantse mini cewa daga Ingila aka kwaso shi. Araha ba ta ado. Ya mayar da sukurorin ya ce in ci gaba da amfani da shi da igiya har ya mutu, amma kada in kashe masa ko sisi.

Kafin in tashi ya gwada hannaye huɗun da aka sabunta a kan wayata ta Android, sannan ya leƙa shagon maƙwabcinsa ya aro iPhone da MacBook. A nan ma yana da abin faɗa: Apple ya fara karɓar DualShock 4 da hannun Xbox mai Bluetooth ne a iOS 13 a 2019, DualSense da na Xbox Series sai a iOS 14.5 a 2021, na Nintendo kuma a iOS 16 a 2022, saboda haka mai tsohuwar iPhone da ta tsaya a baya ba laifin hannu ba ne idan ta ƙi shi. Duk huɗun sun haɗu. Abin da ba shi da shi a benci shi ne Linux, kuma a nan ne iliminsa ya yi rauni. Da na ce masa Ubuntu ce a kwamfutar da zan yi amfani da su, sai ya ce ai duk ɗaya ne, abin da ya yi a Windows zai yi a can. Ɗan yayata ne daga baya ya cike mini wannan giɓin. A Linux direbobin hannaye, wato ƙananan manhajojin da suke sa kwamfuta ta gane hannu, a cikin ƙwayar tsarin suke zuwa: na DualSense, wanda injiniyoyin Sony da kansu suka rubuta, ya shiga a ƙwaya mai lamba 5.12 a 2021, na Nintendo a 5.16 a farkon 2022, ita kuwa Ubuntu 24.04 da 6.8 ta fito, don haka duk tana da su. Hannun Xbox da igiya direban xpad yake bi, ta Bluetooth kuma mutane da yawa suna ƙara xpadneo, wanda masu sa kai suke kula da shi. Akwai ma manhajar fwupd da take sabunta wasu tsofaffin samfuran 8BitDo kai tsaye daga Linux. Mai shagon bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma da ya ce bai sani ba da ya fi.

Rashin sanin nan ne ya jawo mini komawa Ikeja karo na biyu. Da na isa gida, 1914 da DualSense da 8BitDo duk suka yi aiki da igiya, amma ta Bluetooth sai kwamfutar ta ƙi ganin hannayen Xbox gaba ɗaya, har da tsohon 1708 wanda kafin tafiyata shi ne mai lafiya a cikinsu, ban taɓa kuka da shi ba. Dalilin shi ne tun 2021 sabuwar famwayar Xbox ta kawo wa tsofaffin hannaye masu Bluetooth tsarin nan mai ƙarancin shan batir, wanda yake buƙatar Bluetooth 4.0 zuwa sama, ni kuwa 'yar na'urar Bluetooth da ke soke a bayan kwamfutata tsohuwa ce ƙwarai, marar suna, wadda na tsinta a cikin tarkacen da aka haɗo mini da kwamfutar. Laifin mai shagon a nan a fili yake. Ya sabunta hannun da ba shi da ciwo ba tare da ya tambaye ni da me nake haɗa shi ba, alhali tambaya ɗaya ta isa. Wanda ya san bambancin 1697 da 1708 daga kallon roba bai kamata wannan ya wuce shi ba.

Yadda ya karɓi ƙorafin ya rage mini zafi. Bai yi musu ba, bai kuma ɗora wa Ubuntu ba. Ya ce, "Wallahi Alhaji, ni ne ban tambaya ba," ya aiki yaronsa ƙasa ya sayo sabuwar na'urar Bluetooth 5.0, ya ce in biya kuɗinta yadda aka sayo, shi ba zai ɗora komai ba. Ya kira ɗan yayata a waya, suka daidaita a kan wadda Linux take gani ba tare da wahala ba, kuma na lura yana rubuta abin da yaron yake faɗa masa a bayan wani kwali. Sannan ya ƙara mini da shawarar da ta yi amfani sosai: kada in soka ta a ramin USB mai shuɗin baki, domin USB 3.0 yana fitar da hayaniyar da take damun zangon 2.4 GHz da Bluetooth da Wi-Fi suke rabawa, kuma in samo 'yar igiyar ƙari in fito da ita gaban tebur maimakon in bar ta a bayan akwatin ƙarfe tana fuskantar bango. Tun da na yi haka hannu bai taɓa katsewa ba, ko da shagon ya cika da samari kowa da wayarsa a aljihu.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ban ji daɗinsu ba. Ba ya ba da rasit, kuma ba ya rubuta lambar famwayar da ya tarar da wadda ya sa, abin da zai taimaka ƙwarai idan matsala ta taso daga baya. Ni ne na ɗauki hoton fuskar laftof ɗin da wayata a kan hannu biyu na ƙarshe, bayan na farga. Jira ma akwai shi, domin shi kaɗai ne mai taɓa aiki, kuma duk wanda ya leƙo da fasasshen gilashin waya sai ya tsaya ya saurare shi, har aikin da bai fi na awa ɗaya ba ya cinye mini daga hantsi zuwa bayan azahar. Wurin zama kuwa kujera ɗaya ce ta baƙo, in ka tashi salla ka dawo ka tarar da wani a kai.

Kuɗin da ya karɓa a kan hannaye huɗun bai kai abin da kujera ɗaya take kawo mini a yammacin Asabar ba, kuma bai karɓi komai a kan biyun da ya duba ya ƙi ba. Duk da haka ba kowa nake ba shawarar ya je ba. Wanda yake da Windows 10 ko 11 a gida, ko yake da maƙwabci mai ita, da igiya mai ɗaukar bayanai da 'yar data, zai iya yin wannan sabuntawar da kansa, domin manhajojin duk kyauta ne, kuma mai PS5 ko Xbox na'urarsa ce ma za ta tuna masa. Shagon ya dace da irina, mai tarin hannayen tokumbo da bai san tarihinsu ba, da mai Mac ko Linux da ba shi da ƙofar shiga, da kuma wanda yake shirin sayen hannu a kasuwar yana son a buɗe masa shafin gwaji a gabansa kafin ya biya. Wanda zai je ya tafi da wayar ko laftof ɗin da zai riƙa haɗa hannun da ita, idan kuma kwamfutar tebur ce ya zare na'urar Bluetooth ɗinta ya sa a aljihu, ya faɗa masa tun kafin a soka igiya wane hannu ne mai ciwo, wane ne kuma yake so a bar masa yadda yake.

DualShock ɗin nan mai jan hagu yana wurinsa yanzu. Na zaɓi sanda mai maganaɗisu, ya ce in zo ranar Laraba bayan la'asar, kuma na riga na gaya masa cewa wannan karon sai ya rubuta mini abin da ya canza a takarda.